A San Kaya Kafin a Zaɓi Jaki: Motar da Ta Dace da Jan Tirelar Zango

Fataken da, waɗanda suka riƙa bin hanyar Gwanja saboda goro, da Buzayen da ke kora raƙuma zuwa Bilma ɗebo gishiri, suna da wata ƙa'ida wadda ba a rubuta ta cikin littafi ba, amma ba wanda ya taɓa karya ta ya isa gida da dukiyarsa cikakkiya, ita ce ba a ɗora wa dabba kaya sai an san nauyin kayan, an san ƙarfin dabbar, an kuma san nisan zangon da ke gaba. Gama jakin da ya ɗauko mangala daga kasuwa zuwa gida ko nishi bai yi ba, shi ne zai durƙushe da rabin wannan kaya in aka ce ya yi kwana arba'in yana hawa tudu yana gangara kwari. Malamanmu na fiƙihu ma ba su ƙyale wannan mas'ala ba, sun bayyana cewa ɗora wa dabba abin da ya fi ƙarfinta zalunci ne, kuma mai yin haka yana da alhaki a wuyansa. Na tuno da wannan ne domin maganar da zan yi, ko da yake ta mota ce da ƙarfe, kuma ta mutanen wasu ƙasashe ce masu nisa da mu, tushenta ɗaya ne da ilimin madugu.

Kalmar da Turawan Ingila ke kiran ayari da ita, watau karaban, wadda su ma aro suka yi daga Farisanci, da ita suke kiran wani ɗan ɗaki mai ƙafafun mota, wanda ba shi da inji, sai dai a ƙulla shi a bayan mota a ja. A cikinsa akwai gado, da ɗan murhun gas, da tankin ruwa, da ma'ajiyar abinci, wani lokaci har da makewayi, ta yadda iyali za su bar gari ranar hutu su tafi bakin tafki ko gindin dutse ko cikin gandun daji na gwamnati, su yada zango, su kwana a kan shimfiɗarsu, su ci girkin hannunsu. Ba irin tirelar da muka saba gani ba ce tana ɗauke da shanu ko siminti zuwa Ikko. Wannan 'yar ƙarama ce, tsawonta daga mita 3 zuwa 5, shi ya sa zan riƙa kiranta tirelar zango.

Al'adar ta girmi mota. A 1885 wani likitan sojan ruwa ɗan Sikotlan, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa irin wannan ɗaki a Bristol, dawaki biyu suna ja, ya zaga ƙasarsa da shi don nishaɗi kawai. A 1907 masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu a Ingila, wadda har yau tana nan. A 1919 kamfanin Eccles na Birmingham ya fara ƙera waɗanda mota ke ja. A Amurka kuwa wani mai suna Wally Byam ya fito da tirelar Airstream mai jikin alminiyam a shekarun 1930, kuma shi ne a 1959 ya jagoranci ayarin tirela 41 daga Kef Tawun har Alƙahira, suka ratsa Afirka daga kudu zuwa arewa a zamanin da kwalta ba ta da yawa. Bayan yaƙin duniya na biyu aka yayi wata 'yar mitsitsiya mai siffar ɗigon hawaye, wadda gado kaɗai ne a cikinta, madafa kuma a bayanta in an ɗaga murfi. Daga 1968 kuma aka fara yin masu jikin roba mai tauri kamar ƙwai, irin Boler ta Kanada da Scamp ta jihar Minesota. Mafi ƙanƙanta cikin waɗannan ba ta kai kilo 500 ba, manyansu kuwa sukan kai 1,500.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan Bahaushe da wannan. Ruwansa biyu ne. Na farko, 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke zaune a Amurka da Ingila da Kanada sun fara shiga wannan sha'ani tare da maƙwabtansu. Na biyu, motocin da ake jan tirelar da su a can, irin su RAV4 da CR-V da Highlander da Sienna, su ne dai suke tsallako teku bayan sun tsufa su cika titunanmu, kuma duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin bambar wata daga cikinsu ya ga wani ƙarfe mai rami murabba'i, to ya ga maɗaurin tirela ne, wanda mai motar na farko ya sa. Wanda kuma ke jan tankin ruwa ko injin janareta a bayan motarsa a nan gida, hukuncin da ya hau kan mai tirelar zango shi ma ya hau kansa.

Abin da mai saye ke fara ji a bakin dillali shi ne ƙarfin ja, watau iyakar nauyin da kamfani ya ce motar za ta iya ja. A Amurka ana faɗinsa da laba: CR-V da RAV4 ta yau da kullum ta kafin 2026, laba 1,500, kimanin kilo 680, Subaru Outback, laba 2,700, mai injin turbo kuma 3,500, Sienna 3,500, watau kusan kilo 1,590, Highlander mai silinda shida, laba 5,000, kusan kilo 2,270. A da can kowane kamfani shi ke yanka wa kansa wannan adadi yadda ya ga dama, ana ta gasar ƙari kamar masu cinikin gwanjo, har ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta fito da ma'auni ɗaya a 2008 mai lamba J2807, wanda Toyota ta riga sauran karɓa, manyan kamfanonin a-kori-kura na Amurka kuma suka bi sahu wajen 2015. Jarrabawar ba ta wasa ba ce. Daga cikinta akwai hawan da ake kira na Davis Dam a jihar Arizona, hanya ce mai tsawon kilomita 18 wadda ta tashi daga bakin kogin Kolorado ta hau sama kimanin mita 900, dole mota ta haye ta da tirela a baya, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya mota tana aiki iyakar ƙarfinta, gudun bai sauka ƙasa da kilomita 64 a awa ba, inji kuma bai tafasa ba. Akwai kuma tashi daga tsaye a kan tudu mai tsananin gangara sau biyar cikin minti biyar.

Saboda haka adadin ba ƙarya ba ne. Illarsa ita ce sharaɗin da aka gina shi a kai, wanda dillali ba ya ambatawa: an ƙaddara cewa babu kowa a motar sai direba da fasinja guda, kowannensu kilo 68, ba yara, ba akwati, ba tukunya. Wanene kuwa ke zuwa zango haka?

A nan ne zan kawo abin da na gani da idona. Akwai ɗan ƙanwata da ke aiki a wata jiha ta tsakiyar Amurka, na sauka a gidansa wata bazara, na tarar ya ƙwallafa rai a kan wata tirela da ya gani a wurin masu sayarwa, har ya kusa ba da kafin alƙalami. Ya nuna mini hotonta a wayarsa yana murna, ya ce, "Kawu, duba, nauyinta kilo 950 kacal, motata kuwa an rubuta tana jan kusan 1,600. Ka ga ai da saura mai yawa." Na ce masa, "Ɗana, zo mu buɗe ƙofar direba tukuna." A jikin ginshiƙin ƙofar, daidai inda take rufuwa, akwai wata 'yar takarda mai rawaya da fari da aka manna, ƙura ta ɗan rufe ta, ya sa babban yatsa ya goge, a ƙasanta an rubuta iskar da ta kamata a sa wa tayoyi, a tsakiya kuma layi guda da ƙananan baƙaƙe, cewa jimlar nauyin mutane da kaya kada ta wuce kilo 430. Shekara uku yana shiga ta wannan ƙofa safe da yamma, bai taɓa karanta layin ba.

Muka zauna a kan dakalin gareji da biro da bayan wata ambulan. Shi da maiɗakinsa, kilo 155. Yara uku, 95. Akwatuna da kular ƙanƙara da kekunan yara, 70. Ƙarfen maɗaurin da za a ɗaura wa motar, 20. Jimla 340, saura 90. Sai muka koma kan tirelar, wadda aka ce 950 ce, alhali wannan nauyinta ne tana fanko kamar yadda ta fito daga ma'aikata: ruwa lita 80 kilo 80 ne, gama lita guda kilo guda ce, tukunyar gas cike, 17, batir, 25, barguna da tukwane da shinkafa da kujerun ninkewa, a ƙalla 130. Ta tashi kimanin 1,200. Har yanzu tana ƙasa da ƙarfin jan motar, ya ce, "To Kawu, ai ka gani." Na ce saura abu ɗaya, shi ne wanda ke kayar da mutane. Tirela mai ƙafa biyu ba ta tsaya da kanta ba, gabanta, wanda Turawan Ingila ke kira hanci, Amurkawa kuma harshe, yana dogare ne a kan bayan mota, kuma a ƙa'idar Amurka ana so kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar ya sauka a wurin. Kashi 12 na 1,200 shi ne 144. Wannan 144 ba ja motar ke yi ba, ɗauka take yi, daidai da a ce ƙarti biyu sun zauna a kan bambarta, don haka daga cikin 430 ɗin nan za a cire shi. Saura 90 muke da shi. Motar da aka ce tana da rarar kilo 400 wajen ja, ta zarce haddinta da kilo 54 wajen ɗauka, tun ba a tayar da inji ba. Yaron ya yi shiru yana kallon ambulan ɗin, can ya ce, "Wallahi Kawu ba wanda ya gaya mini wannan."

Wannan shi ne jigon maganata duka, kuma da mai karatu zai manta da sauran ya riƙe shi, da na gamsu: a ƙananan motoci da matsakaita, abin da ke fara ƙarewa shi ne ƙarfin ɗauka, ba ƙarfin ja ba, kuma ana samunsa ne a jikin ƙofar wannan motar da ke gabanka, ba a takardar talla ba, domin mota biyu masu suna ɗaya sukan bambanta gwargwadon kayan alatun da aka ƙara wa kowace. Bayan shi akwai haddin hancin kansa, wanda littafin motar ke faɗa, galibi kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin ja a motocin Amurka, da haddin nauyin da ƙafafun baya za su ɗauka, da haddin jimlar mota da tirela a haɗe. Duk wanda ya fi ƙanƙanta cikin waɗannan, shi ne hukunci.

Mai hankali zai ce, to me zai hana a rage nauyin hancin, a tura kaya can bayan tirela, motar ta huta? Wannan dabara ita ce mafi hatsari cikin dukan abin da mutum zai yi, kuma ya kamata a tsaya a fahimci dalili. Tirelar da nauyinta ya koma baya takan zama kamar wutsiya mai dutse a ƙarshenta: muddin ana tafiya a hankali ba a ganin komai, amma da zarar gudu ya kai wani matsayi, sai babbar mota ta wuce ta buga mata iska, ko direba ya ɗan kauce wa rami, sai ta karkata dama, ta dawo hagu fiye da yadda ta tafi, ta sake komawa dama fiye da haka, kowane lilo ya fi na bayansa faɗi, tana fizgar bayan motar tare da ita, har sitiyari ya zama ba shi da amfani a hannun direba, cikin daƙiƙa biyar ko shida abin da ya fara kamar rawar wasa ya kai ga mota da tirela sun kife a gefen hanya. Shi ya sa masu ba da hayar tirela ke gargaɗin a sa kashi 60 cikin ɗari na kaya a gaban ƙafafunta, masu nauyi a ƙasa, a ɗaure su kada su zame. In kuwa lilon ya fara, zuciya za ta ce a taka birki da ƙarfi ko a murɗa sitiyari a gyara, duka biyun kuwa ƙara wa wuta mai ne. Abin yi shi ne a ɗage ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari sak, in tirelar tana da birkin lantarki a matsa nata ita kaɗai da hannu, sai ta ja baya ta miƙe kamar igiyar da aka ɗame.

Akwai saɓani tsakanin Amurka da Turai a kan wannan babi, wanda ke rikita masu bincike, domin sukan ga mota iri ɗaya an ba ta ƙarfin ja kaɗan a Amurka, a Jamus ko Ingila kuma an ba ta ninkinsa, sai su ɗauka ɗaya daga cikin biyun ƙarya ne. Ba haka ba ne. Kowane ɓangare da hujjarsa. Turawan Turai suna ƙera tirelarsu ƙafafunta kusa da tsakiya, hancinta mara nauyi, kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari, sannan su biya diyyar wannan sauƙi da rage gudu: a Ingila mai jan tirela ba ya wuce mil 60 a babbar hanya, mil 50 a ƙarama, a Jamus kuma kilomita 80 a awa, sai wanda aka duba kayansa aka ba shi izinin 100. Suna kuma da wata shawara ta ƙungiyoyinsu, ba doka ba ce amma an yi ittifaƙi a kanta, cewa sabon shiga kada tirelarsa da kayanta ta wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar tana fanko, gwani ma kada ya wuce ɗari. Amurkawa kuwa hanyoyinsu dogaye ne, a jihohi da yawa ana gudun mil 70 ko fiye da tirela a baya, ban da irin Kalifoniya da ta tsayar da shi a 55, saboda haka suka zaɓi hanci mai nauyi, wanda ke hana lilo a babban gudu amma yake cinye ƙarfin ɗaukar mota. Kuskuren da ba shi da gyara shi ne mutum ya yi talfiƙi, ya ɗauki babban adadin Turai ya haɗa da gudun Amurka.

Sai maganar tsayawa, wadda a ganina ta fi ta tafiya muhimmanci, gama kusan kowace mota za ta iya motsa tirela, amma ba kowace ce za ta tsayar da ita a gangara ba. A Ingila tirelar da ba ta da birkin kanta ba ta wuce kilo 750, ko rabin nauyin motar, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Masu birki kuwa nasu na turi ne, in mota ta rage gudu tirela ta tunkuɗo maɗauri, wannan tunkuɗar ita ke ja mata birki. A Amurka na lantarki ya fi yawa, wanda ke buƙatar wata 'yar na'ura kusa da gwiwar direba da soket mai baki bakwai a bayan mota, dokar kuma ta bambanta daga jiha zuwa jiha, da yawa suna wajabta shi daga laba 3,000, Kalifoniya daga 1,500. Kamfanonin mota da dama sun fi dokar tsanani, sun rubuta cewa in tirela ba ta da birki kada ta wuce laba 1,000, watau kilo 450, komai girman adadin da aka yi talla da shi. Ra'ayina shi ne duk tirelar da ta haura rabin tan a nema mata birki, ko doka ta tilasta ko ba ta tilasta ba.

Inji kuwa, mutane sun fi damuwa da shi fiye da yadda ya cancanta, alhali wanda ke shan wahala a ɓoye shi ne akwatin giya. Motar da ke canja giya da kanta tana yin haka ne da mai, man nan kuma yana zafi ƙwarai in ana ja a hawa, zafi kuwa shi ne ajalinsa. Saboda haka motar da ta fito daga ma'aikata da shirin ja, watau ƙarin lagireto na sanyaya man giya da wayoyin fitilun tirela da maɗauri na asali, ta fi wadda aka lanƙaya mata ƙarfe daga baya nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa wannan shiri ne kaɗai bambancin da ke tsakanin ƙaramin adadi da babba a mota iri ɗaya. A tuna kuma da tsauni. Injin da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau, saboda iska tana sirancewa, ta yadda mai ratsa ramin dutse na Eisenhower a jihar Kolorado, wanda ke sama da mita 3,400, ya bar kusan sulusin ƙarfin injinsa a ƙasa. Direban da ya taɓa bin Hawan Kibo da lodi zuwa Jos ya ɗanɗani kaɗan daga wannan. A sauka kuma da ƙaramar giya ake sauka, inji ya riƙe nauyin, don birkin da aka danne tun daga ƙwanƙolin dutse yakan yi zafi ya saki kafin a kai gindi.

Wani abin da ba a rubuta shi da kilo ba shi ne iska. Tirela mai tsayin bango, ko ba ta da nauyi, tamkar faifai ne aka tara wa guguwa, kuma turjiyar iska tana ninkuwa huɗu in gudu ya ninku biyu; shi ya sa mai siffar ɗigon hawaye, ko wadda ake naɗe rufinta ta kwanta ƙasa da tsayin mota, ta fi sauƙin ja da shan mai a kan mai siffar akwati ko da nauyinsu ɗaya. Motocin lantarki suna da ƙarfin ja mai ban sha'awa, sai dai tirela mai tsayi takan raba nisan da cajinsu ke kaiwa kusan biyu, wuraren caji da yawa kuma ba a gina su don mota mai jela ba, sai an kwance.

To wace mota ke nan? Abin da na fahimta, bayan karatu da tambaya da ganin ido, shi ne mutane sun kasu biyu wajen kuskure. Akwai mai ƙwauro, wanda ke son motar da yake da ita ta yi aikin da ba a halicce ta dominsa ba, ya tsaya daidai bakin haddi ko ya ɗan haura, yana cewa ai sau uku ne a shekara. Alhali iyalinsa ne a ciki, kuma sauran masu bin hanya suna da hakki a kansa. Akwai kuma mai israfi, wanda tsoro ko son a gani ya sa ya sayi ƙatuwar a-kori-kura irin Ford F-150, mai iya jan tan biyar ko shida, domin tirelar da ba ta kai tan guda ba, sannan ya shekara yana zuba mata mai zuwa ofis da kasuwa, yana neman inda zai ajiye ta. Tirela kwana ashirin ko talatin take aiki a shekara, mota kuwa kullum. Tsakaitawa ita ce a fara da tirela, a san nauyinta da kaya, ko a ɗauki iyakar nauyin da aka buga a jikinta a yi lissafi da shi, sannan a nemi motar da wannan nauyi bai wuce kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin janta ba, wadda kuma takardar ƙofarta za ta ɗauki iyali da kayansu da hancin tirela har a sami saura. Bisa wannan ƙiyasi, tirelar kilo 500 ƙaramar jif ta ishe ta. Ta kilo 1,000 zuwa 1,200 tana son mota mai laba 3,500 in mutane biyu ne, in iyali ne babba kuwa mai 5,000. Sai an haura tan biyu ne a-kori-kura ke zama lalura. In mota biyu sun yi kunnen doki, a zaɓi wadda tazarar ƙafafunta na gaba da na baya ta fi tsawo, wadda kuma bayanta bai zarce ƙafafun baya da yawa ba, domin ita ce tirela ba ta iya kaɗawa da sauƙi. Ja da ƙafa huɗu yana da amfani a ciyawa mai laima da yashi da tudun tsakuwa, amma ba ya ƙara wa birki komai.

Mai sayen tsohuwar mota, in ya ga maɗauri a bayanta, ya san ta yi aikin ja, sai ya sa makanike ya duba man giya, in ya yi baƙi yana ƙaurin ƙuna a bar ta, ya kuma duba sifirin na baya da tsatsa a inda aka ɗaure ƙarfen. Shi maɗaurin ma yana da daraja-daraja, na farko laba 2,000, na biyu 3,500, na uku sama da haka, kuma sa babban maɗauri ba ya ƙara wa ƙaramar mota ƙarfi ko da kilo guda. A kula da dunƙulen ƙarfen da bakin tirela ke hawa: na Turai milimita 50 ne, na Amurka da aka fi amfani da shi inci 2, watau milimita 50.8, akwai kuma ƙarami mai inci ɗaya da bakwai bisa takwas. A ido duk ɗaya suke, amma baki mai faɗi a kan ƙaramin dunƙule yakan zauna lafiya lau a gareji, ya fice a ramin farko. Wannan ya shafe mu musamman, da yake kayanmu daga ɓangarorin biyu suke zuwa.

Ɗan ƙanwar tawa bai canja mota ba, tirelar ya canja. Ya sami wata mai rufin naɗewa, kilo 700 tana fanko, mai birkin lantarki, kuma kafin tafiyarsu ta farko muka loda ta kamar yadda za a tafi, muka auna hancinta da sikelin banɗaki, muka kafa guntun katako tsakanin sikelin da bakin tirelar daidai tsayin maɗauri, allura ta tsaya a 105. Kekunan yara da kular ƙanƙara muka ɗauke daga but muka ɗaure su a cikin tirela daidai kan ƙafafunta. Daga nan muka tafi tashar manyan motoci da ke bakin babbar hanya, inda akwai sikelin da ake hawa da mota a biya kuɗi kaɗan, yara da uwarsu duk suna ciki, ya hau a hankali har ƙafafun gaba da na baya da na tirela kowanne ya zauna a kan nasa faranti, ya danna maɓalli ya yi magana da mai aikin, aka ba shi takarda mai layi uku. Ya tsaya a bakin ƙofar direba yana gwada lambobin takardar da na jikin ginshiƙi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zagaya baya ya duba sarƙoƙi biyu da ya gitta a ƙarƙashin hancin, ya ce wa babbar 'yarsa ta tsaya ta gaya masa in fitilun birki da na sigina sun kama.